Inda Yatsan Baba Ya Sauka

Nas tana warware bandejin a hankali, Auta yana riƙe da kwanon da take zuba tsohuwar auduga a ciki. Ya kau da kai wajen taga kamar akwai abin kallo, don kada mahaifinsa ya gane wari ne ya juya shi. Ciwon suga ya riga ya cinye wa tsohon ido, inuwar mutane kawai yake gani, amma kunnensa yana jin har numfashin da mutum ya riƙe.

"Yi numfashinka, Auta," in ji Baba. "Ni ma ina jin warin. Ai ƙafata ce."

Da bandejin ya ƙare, sai nas ɗin ta je ta kira likita. Jiya baƙin da ƙafar ta yi a idon sawu ya tsaya. Yau ya hau ƙauri, fatar ta kumbura tana sheƙi kamar leda. Likitar mace ce siririya mai gajiya a ido. Ta danna nan, ta danna can, tana tambayar Baba ko yana ji, yana cewa a'a. Sai ta ja kujera ta zauna daf da kansa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ƙafar nan ta mutu, kuma dafinta yana shiga jininka. Akwai wuri a ɗakin tiyata yau da yamma. In muka yanke ta daga gwiwa, za ka koma gida. In muka bar ta, ita za ta tafi da kai."

"'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari," in ji Baba cikin ladabi, kamar mai mayar da kyautar da ta yi masa yawa. "Amma wanda ya yi ƙafar nan bai nemi shawarar likita ba ranar da ya yi ta. Babu abin da ya gagare shi. Haka yake a rubuce."

A baranda likitar ta tsayar da Auta. Ta ce hankalin tsohon garau yake, ba ta da ikon taɓa shi sai da yardarsa. Ta ce gobe ma za a iya samun wuri, sai dai ba ta sani ba ko jikinsa zai iya ɗaukar aikin gobe.

"Kai ne ɗansa, ka san ta inda ake shigar masa. Ka shigar masa kafin yamma."

Auta ya tsaya yana kallon hannuwansa. Daga gidan burodin da yake aiki ya wuto da safe, har yanzu da ƙullu busasshe a gefen faratansa. Ya san ta inda ake shigar wa Baba, kuma ƙofa ɗaya ce tak. Tun yana direban babbar mota, kafin ya ajiye tuƙi ya koma mai share coci da kaɗa ƙararrawa, Baba yana da wata ɗabi'a. Kowace rana zai ɗauki Littafi Mai Tsarki, ya rufe ido, ya buɗe inda hannu ya kai, ya sauke yatsa. Abin da yatsan ya taɓa, shi ne maganar Allah gare shi a ranar. Da haka ya bar tuƙi, da haka ya zaɓi gidan da suka zauna, da haka ya ƙi sake aure bayan rasuwar mahaifiyar Auta. Fastoci sun sha gaya masa ba haka ake karatu ba, yakan yi murmushi ya ce to. Da ido ya tafi, yatsan ya ci gaba da aikinsa, sai karatun ya dawo kan Auta, wanda bai yi nisa a makaranta ba, yake bin kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu.

Da ya koma ciki, ya tarar gardama ta kaure. Mai gadon da ke kusa da na Baba wani bakanike ne, ƙato mai furfura a gemu, wanda injin mota ya suɓuce ya karya masa ƙugu. Ya daɗe a kwance yana jiran a sa masa ƙarfe, zaman ya ishe shi, sai ya mai da tsokanar Baba abin rage lokaci. A coci ya tashi, mahaifinsa ma mai wa'azi ne, amma ya daina zuwa tun yana saurayi, ayoyin dai suka maƙale masa a ka.

"Tsohon direba, kai fa kullum babu abin da ya gagare shi, babu abin da ya gagare shi. To ka manta da karusan ƙarfe?"

"Ka fara ko, ɗan ɓata?"

"Ni na rubuta? A Littafin Mahukunta yake. An ce Ubangiji yana tare da mutanen Yahuza, suka ci ƙasar tuddai, amma da suka gangara kwari suka kasa korar mutanen wurin, don suna da karusan ƙarfe. Yana tare da su fa! Ni na san ƙarfe, ga abin da ya yi mini. Ashe tun can ƙarfe ba ya jin magana."

Wani mai karaya a can ƙarshen ɗakin ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Leɓensa kawai ke motsi. Auta ya lura da zufa a goshinsa, ya taɓa, ya ji zafi kamar bakin tanda.

Ana cikin haka Fasto ya shigo, matashi ne mai sanyin hali, da hular kwano ta babur a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya yi addu'a, sannan ya shiga lallashi. Auta ne ya kira shi a waya, kuma bai ba shi kunya ba. Ya ce Allah yana warkarwa ta hannun likita kamar yadda yake ciyarwa ta hannun manomi. Ya ce coci tana bukatar Baba da ƙafa ɗaya fiye da yadda take bukatar kabarinsa da ƙafa biyu. Baba yana gyaɗa kai, har Auta ya fara jin sanyi a ransa.

"Fasto, kafin ka tafi, raba mu da tsohon nan," in ji Bakanike. Ya maimaita zancen karusan.

Fasto ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da ya sani.

"Wannan ai ba wuya. Littafin bai ce Allah ya kasa ba, mutanen ne suka kasa. An riga an yi musu alkawari za su ci nasara ko da karusan. Amma da idonsu ya ga ƙarfe yana walƙiya, zuciyarsu ta karye, suka ja da baya. Ikon yana nan, bangaskiyar ce ta gaza."

"Madalla," in ji Baba, muryarsa ta fito da ƙarfin da ba ta da shi tun safe. "Ka ji, Auta? Ƙarfe suka gani suka tsorata. Ni ma yau ƙarfe aka nuna mini, an ce in kwanta a sa mini shi a gwiwa. Ba zan zama mutanen Yahuza ba."

Murmushin Fasto ya ɗauke. Ya ce ba haka yake nufi ba, ya kawo wannan, ya kawo wancan, amma maganar ta riga ta fita, Baba kuma ya kama ta da hannu biyu. Daga baya Fasto ya duba agogo, ya ce akwai jana'izar da ke jiransa, zai dawo. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Auta, ya tafi.

Zazzaɓi ya ɗan kwantar da Baba, barci ya ɗauke shi baki a buɗe. Bakanike ya yafito Auta da yatsa. Yanzu babu wasa a fuskarsa.

"Yaro, na ɓata maka aiki. Da na san haka za ta kasance da na ja bakina. Amma saurara. Yau bai buɗe Littafin ba tukuna, ko?"

"Bai buɗe ba."

"Kuma kai ne idonsa. Akwai wuri a Markus inda Yesu ya ce in ƙafarka za ta sa ka tuntuɓe, ka yanke ta, gara ka shiga rai da gurguntaka. Ko ina yatsansa ya sauka, kai dai faɗi wannan."

"In yi masa ƙarya da maganar Allah?"

"Maganar Allah ce ai, ba tawa ba. Shafin kawai za ka canja. In an tashi hukunci ka ce ni na sa ka, dama nawa ya yi yawa, ɗaya ba zai ƙara nauyi ba."

Auta bai taɓa yi wa mahaifinsa ƙarya a kan karatun nan ba, ko ranar da yatsan ya sauka a kan la'ana. Ya zauna yana kallon ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka da sauri, da ƙasusuwan wuyansa da suka fito. Sai ya ɗauko Littafin daga ƙarƙashin matashi, baƙi ne, bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu. Bakanike ya nuna masa wurin. Auta ya yi ta bin ayar da leɓe, yana rufewa yana gwadawa, har ta zauna. Ya mayar da Littafin inda yake.

Rana ta karkata lokacin da Baba ya farka. Auta ya ba shi ruwa, ya goge masa baki.

"Baba, yau ba mu buɗe ba. Mu tambaya mana. Abin da ya ce, shi ke nan, ni ma ba zan ƙara magana ba."

Fuskar tsohon ta saki.

"Yanzu ka yi magana irin ta ɗana. Ɗora mini."

Auta ya tashe shi zaune, ya jingina shi da matashi, ya ɗora Littafin a cinyarsa. Baba ya rufe idanun da ba sa gani, don haka ya saba. Ya shafa gefen takardun da babban yatsa, ya buɗe, ya ɗaga manuniya sama ya sauke. Auta ya sunkuya. Yatsan yana kan wani dogon bayani na labulen alfarwa, tsawonsu da faɗinsu da yawan maɗaukansu. Sai ya faɗi abin da ya haddace, yana jan kalmomin a hankali yadda yake yi in yana karatun gaske.

Bakanike ya zuba wa silin ido. Baba bai ɗaga yatsansa ba. Sai Auta ya ga hannun hagun tsohon yana matsa takardun da ke gefensa, na dama ma yana matsa nasa, kamar mai awo a kasuwa.

"Sake karantawa."

Auta ya sake.

"Wannan Markus ne," in ji Baba a hankali. "Markus yana can baya, in ka buɗe shi hagu ke yin nauyi. Ni kuwa ga hagu ba komai, duk Littafin yana dama. Ko Zabura ban kai ba. Auta, idona ne ya mutu, hannuna yana nan. Na fi shekarunka ina riƙe da Littafin nan."

Auta ya mayar da idonsa kan shafin.

"Karanta mini abin da ke ƙarƙashin yatsana."

Ya karanta. Labule kaza, kamu kaza, maɗaukai na shuɗi a bakin kowane. Yana tuntuɓe a kan kalmomin da bai saba da su ba. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya rufe Littafin.

"Yau bai ce komai a kan ƙafa ba. In bai ce a yanke ba, ba a yankewa."

"Baba, bai ce a bari ba ma!"

Bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, shi kansa sai da ya tsorata. Ya zube a gwiwa a gefen gadon, ya kama hannun tsohon, hannun yana da zafi kuma ba nauyi.

"Na yi ƙarya, ka yafe mini. Amma ka dubi Allah ka dube ni. Ni kaɗai na rage maka, kai kaɗai ka rage mini. Zan ɗauke ka a baya in kai ka coci, zan kaɗa maka ƙararrawar. Ni ban iya gardamar Littafi ba. Amma ko Yesu ma, ai na taɓa karanta maka, akwai garin da ya je bai iya yin abin al'ajabi ba. Da bakina na karanta, an ce bai iya ba. In shi ma akwai inda bai iya ba, me ya sa za ka jingina ranka duka a kan aya ɗaya, ka bar ɗayar?"

Baba ya jingina kansa da matashi. Auta ya ɗauka maganar ta shiga. Har ya fara tunanin inda zai sami likitar.

"Wane gari ne?" in ji Baba.

"Ban tuna ba."

"Garinsu ne. Cikin danginsa, cikin 'yan gidansu. Kuma me ya hana shi? Ka karanta rabi ka bar rabi. An ce ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu." Ya juyo da fuskarsa wajen Auta, fararen idanun suna neman inda yake. "Kwana da kwanaki ina roƙo, ina tambayar kaina me ya tare hanya. Na binciki zuciyata ban sami shakka ba. Ashe a gefen gadona take zaune, tana ba ni ruwa."

"Tsoho, kada ka ɗora wa yaron nan," in ji Bakanike da kakkausar murya. "Ni na kitsa masa. In rashin bangaskiya ke hana warkewa, ga ni nan ƙato guda kusa da kai, ni za ka kora."

"Kai baƙo ne, naka ba ya taɓa ni. Na gida shi ke tarewa."

Baba ya zare hannunsa daga na Auta, ya ɗora a kansa, yana shafa gashin kamar lokacin da yake ƙarami. Babu fushi ko kaɗan a muryarsa, abin da ya fi yi wa Auta ciwo ke nan.

"Ba korarka nake ba, ɗana. Ƙauna ce ta sa ka, na sani. Amma ka tuna yarinyar nan da ta mutu, da Yesu zai tashe ta, sai da ya fitar da masu kuka waje tukuna. Fita ka ba shi wuri. In ya gama, da ƙafata zan fito in same ka."

"Baba..."

"In kana ƙaunata, fita."

Auta ya tashi. Ya gyara masa matashi, ya ja bargo ya rufe ƙafar, ya matso da kofin ruwa inda hannu zai kai. Bakanike ya juya fuska bango.

A baranda akwai dogon benci, ya zauna a kai. Masu jinya suna wucewa da kwanuka da bokitai, wata mata tana wanke ƙasa da ruwan magani mai hawa ka. Ba a jima ba likitar ta zo da sauri, da hular tiyata a kanta. Ta dube shi, ya girgiza kai. Ta shiga, ya jiyo muryarta tana tashi tana sauka, ya jiyo ta Baba tana sa mata albarka. Ta fito ba ta dube shi ba, ta ce wa nas kada wurin ya tafi a banza, a shirya mai karayar ƙugu.

Da aka turo Bakanike a gadon taya, ya sa hannu ya riƙe bakin bencin, sai da masu turawa suka tsaya.

"Koma ciki, yaro. Zafin zazzaɓi ne ke magana, ba shi ba. Kada ka bar shi shi kaɗai."

Aka ɓamɓare hannunsa aka wuce da shi.

Auta ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Ya san abin da idonsa ya gani a ƙarƙashin bandeji, ya san likitar ba ƙarya take ba. Amma tiyata ta riga ta wuce, abin da ya rage wa Baba ɗaya ne, wanda ya zaɓa da kansa. Sai ya runtse ido yana ƙoƙarin ya gaskata. Ya zana ƙafar a ransa, baƙin yana sauka, fatar tana komawa daidai, tsohon yana fitowa yana gyara wuyan riga. Ya riƙe hoton da dukan ƙarfinsa, kamar mai ɗauke da tire mai zafi ba tsumma. Da ya numfasa sai warin ya dawo masa a hanci, hoton ya watse. Ya sake farawa.

Can ya jiyo nishi daga ciki, ya san na waye. Kafin ya ankara har ya miƙe, hannunsa yana kan ƙofa. Nas ta turo ta daga ciki suka yi kusan karo.

"Kai ne ɗan tsohon nan? Jikinsa yana ɓari, kofin ma ya faɗi. Shiga ka riƙe shi mana."

"Ya kira ni?"

"Bai kira kowa ba, addu'a yake."

Auta ya saki ƙofar.

"Don Allah, 'yar'uwa, ki ba shi ruwan da hannunki. Ki ɗan tallafi kansa, ba ya iya sha a kwance."

"Kai me ya hana ka?"

Ya kau da kai. Ta yi tsaki ta koma ciki. Ya tsaya yana kallon bencin, tsakaninsa da gadon Baba bango ɗaya ne kawai, har ana jin tari. Sai ya bi barandar a hankali, ya wuce ɗakin magani, ya wuce matakala, ya je can ƙarshe inda ake jingine tsofaffin gadaje, ya tsuguna a nan, don kada ya zama bencin ma ya yi kusa, shakkarsa ta tare wa Baba hanya.